Zanen Jikin Ɗan Adam da Katun: Darasin da ke Bakin Ƙofarmu

Jawabin da wani tsohon malamin zane ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman fasaha da al'adu daga Karaye da Rogo.

 



An nemi in yi magana a kan koyar da zanen jikin ɗan Adam ga ɗaliban da ke son su yi zane mai motsi, wato katun. Na san akwai wanda zai ce a ransa, ina ruwan malamin Karaye ko na Rogo da wannan, alhali ko alli wani lokaci da kuɗin aljihunsa yake saye? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta nake fatan bayarwa. Abin da nake so mu tashi da shi guda ɗaya ne. Jigon wannan darasi, wanda ake koyarwa a manyan makarantun fasaha na duniya, shi ne sanin nauyi da motsi a jikin mutum. Wannan kuwa muna iya koyar da shi a nan, da mutanenmu cikin tufafinsu, a bakin aikinsu, ba tare da mun keta mutuncin kowa ba.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Wata rana wani ɗalibina ya kawo mini littafinsa cike da zane. Hannunsa mai kyau ne ƙwarai. Ya zana jarumawan katun ɗin Japan da yake gani a wayar yayansa, da manyan idanu da gashi tsaitsaye, babu inda ya kuskure. Na yaba masa, sannan na ce ya zana mini mahaifinsa yana huɗa da garma. Ya koma ya zauna, ya daɗe, ya dawo da zanen wani mutum a tsaye ƙiƙam kamar an kafa turke, da garma a manne a hannunsa. Yaron nan kullum damina yana bayan mahaifinsa a gona, amma bai taɓa kallon yadda bayan ke lanƙwasa ba, ko ƙafar da nauyi ke sauka a kanta. Ya koyi kwaikwayon zanen wasu, bai koyi kallo ba. Laifin kuwa nawa ne, domin ban taɓa koya masa ba.

Domin mu gane dalilin da ya sa kallo ya zama tushe, sai mu san yadda katun ke aiki. Fim yana nuna hotuna 24 a cikin daƙiƙa guda, ido kuma ya haɗa su ya ga motsi. Masu katun na hannu sukan bar kowane zane ya tsaya sau biyu, ke nan zane 12 a daƙiƙa, 720 a minti ɗaya, 3,600 a ɗan fim na minti biyar. A kowane ɗaya daga cikinsu dole mutumin da aka zana ya kasance shi ne dai, tsawonsa da kaurinsa ba su sauya ba, ko ya juya baya, ko ya durƙusa, ko ya yi tsalle. Wanda bai san yadda aka gina jiki ba, ba zai iya juya shi a takarda ba. Kwamfuta ta rage wahalar maimaita zane, amma har yanzu mutum ne yake yanke shawarar inda ƙugu zai karkata da lokacin da diddige zai taɓa ƙasa.

Waɗanda suka riga mu a wannan sana'a sun gano haka da wuri. A 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a Kalifoniya ya ɗauki doki yana sukuwa, aka ga ashe akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk suke sama, kuma a lanƙwashe suke ƙarƙashin ciki, saɓanin yadda masu zane suka daɗe suna zana su a miƙe. Daga baya ya ɗauki mutane suna tafiya da gudu da ɗaukar kaya, kuma har yau ɗaliban katun suna duba waɗannan hotuna. A 1932 kamfanin Walt Disney a Amurka ya ɗauko malamin zane mai suna Don Graham domin ya koya wa ma'aikatansa zanen mutum ido da ido, duk da cewa ƙwararru ne masu cin abinci da hannunsu. Da suka zo yin fim ɗin Snow White, wanda ya fito a 1937, sun sa wata budurwa ta yi rawa da tafiya a gabansu suna nazarin motsinta. Da za su yi Bambi, na 1942, har 'ya'yan barewa suka kawo kusa da wurin aikinsu suna kallo. Ashe gaskiyar Bahaushe ce da ya ce gani ya kori ji.

Kada mu ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar an yi Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya kuma daɗe yana zaune a Tawa. Yana cikin na farko-farkon masu yin katun a Afirka kudu da Sahara. Ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaru da Norman McLaren, sannan a 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, inda ya yi wa masu mulki hannunka mai sanda. Yana da wani fim mai suna Kokoa, wato kokawa, wanda dabbobi ke karawa a fili irin na kokawar gargajiya. Wanda ya kalle shi zai gane cewa mai shi ya daɗe a bakin filin kokawa yana lura. A Zariya ma, wadda ba ta da nisa da mu, ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sun kafa ƙungiyar masu zane a 1958. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Matsayarsu ita ce su koyi dabarun Turawa sarai, amma su zana abin da ke ƙasarsu. A zamaninmu kuma ga Adamu Waziri a Abuja da shirin yara na Bino and Fino, ga kuma Iwájú, wanda kamfanin Kugali ya yi da haɗin gwiwar Disney ya fito a 2024, labarinsa kuma a Legas yake. Kasuwar ta buɗe, saura mu ga ko 'ya'yanmu za su shiga da kayansu.

Yanzu sai mu zo inda gizo ke saƙar. A makarantun fasaha na Turai, zanen mutum ido da ido yakan nufi a tsayar da mutum ba sutura ɗalibai su zana shi. Wannan ba za mu yi ba, addininmu da tarbiyyarmu ba su yarda ba, kuma babu uban da zai amince. Amma mu tambayi kanmu, me ake nema a wancan ɗaki? Ana neman sanin inda ƙashi yake, da inda gaɓa ke lanƙwasa, da yadda nauyi ke tafiya daga kafaɗa zuwa ƙugu zuwa tafin ƙafa. Ƙasusuwan babban mutum 206 ne, kuma hotonsu yana cikin littafin kimiyyar da ke ofishin kowace makaranta. Malamin zane ya nemi abokin aikinsa na kimiyyar halittu su haɗa darasi. Sauran kuwa ana ganinsa a jikin ɗalibi mai kayan motsa jiki, riga da dogon wando. Gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da kafaɗa da wuya duk suna bayyana ta cikin tufafi ga wanda ya san abin da yake nema.

Akwai kuma batun hukuncin zana mai rai. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, kuma kowa ya koma ga malaminsa. Abin da yake sananne shi ne malamai sun yi saɓani. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yaɗu a ƙasarmu, an bambanta tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda aka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda, wanda ba a kai shi matsayin haram ba. Wasu malaman kuma sun tsananta a kan duka biyun. Shawarata ita ce kada malami ya fara wannan darasi a ɓoye. Ya zauna da shugaban makaranta da kwamitin iyaye, ya nuna musu abin da zai koyar da amfaninsa, kamar katun ɗin koyar da tsafta da rigakafi da karatu. Ɗalibin da iyayensa ba su yarda ba, kada a tilasta masa, kada kuma a rage masa maki. A ba shi zanen bishiya da iska ke kaɗawa, ko tuta, ko ruwa, domin su ma motsi ne. Maza su zana maza, mata su zana mata, kuma kada a zana kowa ko a ɗauki hotonsa sai da izininsa.

To, mene ne za mu koyar? Abubuwa biyar ne, kuma zan kawo su a jere yadda nake bi.

Na farko, kama motsi cikin sauri. Ɗalibi ɗaya ya fito ya yi tsayuwar mai jifa ko mai jan guga, ya riƙe ta daƙiƙa talatin, sauran su zana. A wannan ɗan lokaci ba a zana ido ko hanci ko maɓallin riga. Layi ɗaya ake nema, wanda ya taso daga kai ya bi ƙashin baya ya sauka a ƙafar da ke ɗauke da jiki. Masu katun suna kiransa layin motsi. Idan ya yi daidai, zanen yana da rai ko ba fuska. Idan ya kuskure, duk adon da aka ɗora a kai ba zai gyara shi ba. Wani malamin zane a Amurka, Kimon Nicolaïdes, ya gina littafinsa na 1941 a kan irin wannan horo. A hana amfani da abin gogewa a wannan mataki, domin tsoron kuskure shi ne ke sandarar da hannun yaro.

Na biyu, nauyi da daidaito. Ku sa ɗalibi ya tsaya a ƙafa ɗaya, sauran su duba. Za su ga ramin wuyansa ya koma daidai saman ƙafar da ke ƙasa, in ba haka ba faɗuwa zai yi. Idan mutum ya jingina nauyinsa a ƙafar dama, ƙugun dama yakan ɗaga, kafaɗar dama kuma ta sauka. Ku ba shi bokiti cike da ruwa a hannu ɗaya, za ku ga jikin ya karkata ɗaya gefen, ɗaya hannun kuma ya buɗe. Ku kwatanta da yarinya mai ɗauke da tulu a kan gammo: wuya a miƙe, taku gajere, ƙugu ne ke shanye girgiza. A katun, mai kallo ba ya iya taɓa buhu ya ji nauyinsa. Jikin mai ɗauka ne kaɗai ke gaya masa ko hatsi ne a ciki ko auduga.

Na uku, ginin jiki da awonsa. A koya wa ɗalibi ya ga jiki a matsayin manyan curi uku, kai da ƙirji da ƙugu, waɗanda ƙashin baya ya haɗa, kuma kowanne yana iya juyawa daban. Ana auna tsayi da tsawon kai. Babban mutum yakan kai kamar kai bakwai da rabi, jariri kuwa kamar huɗu. Shi ya sa yaron da aka zana da awon babba yake fitowa kamar gajeren dattijo. Daga nan sai a shiga abin da ya fi wuya, wato gaɓar da ta fuskanci mai kallo. Hannun da aka miƙo maka kai tsaye gajere yake bayyana, tafin kuma ya yi girma. Ido ya ga haka, amma ƙwaƙwalwa tana cewa ai hannu dogo ne. Aikin malami shi ne ya sa ɗalibi ya gaskata idonsa.

Na huɗu, tufafi, kuma a nan muna da abin da wasu ba su da shi. Babbar riga da zani da hijabi da rawani suna da tafiyarsu. Yadi yana rataye ne daga inda jiki ya tokare shi, kamar kafaɗa ko gwiwa, kuma daga nan ninki ke tasowa. Idan dattijo ya juya, jikinsa ne ke fara tsayawa, rigar ta biyo baya ta wuce kaɗan sannan ta dawo. Wannan yana cikin ƙa'idoji 12 na katun da Frank Thomas da Ollie Johnston suka tattara a littafinsu na 1981. Yadda mai babbar riga ke naɗe hannunta a kafaɗa kafin ya zauna, babu littafin waje da zai koya wa ɗalibinmu. Sai dai ya tsaya a ƙofar masallacin Juma'a bayan an idar, ya buɗe ido.

Na biyar, rarraba motsi. Kowane aiki yana da shiri, da aikin kansa, da abin da ke biyo baya. Ɗan dambe yakan ja hannun da aka naɗe baya, ya miƙa ɗayan gaba yana kariya, kafin ya kai naushi. Mai daka takan ɗaga taɓarya har ta miƙe sosai kafin ta sauke ta a turmi, idan kuma lugude ake yi, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Masunci a dam ɗin Challawa, wanda aka kammala a 1992 a nan ƙasar Karaye, yakan murɗa jikinsa baya kafin ya watsa birgi, kuma jikin yakan ci gaba da juyawa bayan ragar ta bar hannunsa. A sa ɗalibi ya kalli aiki ɗaya sau da yawa, ya fitar da manyan tsayuwa uku ko huɗu da suka ƙunshi aikin duka. Tafiya ma haka take: diddige ya taɓa ƙasa, jiki ya ɗan sauka, ƙafar baya ta wuce, jiki ya ɗaga. Domin a gwada ko tsayuwa ta fito, a cike zanen da baƙi ya zama inuwa. Idan har yanzu ana gane abin da mutumin ke yi, to an dace.

Na san za a yi maganar kayan aiki. Gawayin murhu yana zane, kuma da gawayi ake horar da ɗalibai a manyan makarantun fasaha. Takardar buhun siminti da aka kakkaɓe da bayan tsofaffin takardun jarrabawa sun isa. Ga yadda za a raba darasin minti arba'in: minti goma na tsayuwar daƙiƙa talatin, minti goma na tsayuwar minti biyu, minti goma sha biyar na tsayuwa ɗaya doguwa tare da hutu ga mai tsayuwar, sannan minti biyar a baje zanen a ƙasa a duba tare. A wajen dubawa kada a ce wannan ya yi kyau, wancan bai yi ba. A tambaya: a wace ƙafa nauyin yake? Me mutumin zai yi bayan wannan? A ƙarshen zango kowane ɗalibi ya ɗauki tsohon littafin rubutu, ya zana aiki ɗaya a kusurwar shafi goma sha biyu a jere, ya kaɗa shafukan da babban yatsa. Ranar da yaro ya ga zanensa ya motsa a hannunsa, ba sai an sake roƙonsa ya yi aikin gida ba.

Ina da roƙo uku. Ga shugabannin makarantu, kada darasin fasaha da al'adu ya zama shi ne ake yankawa duk ranar da za a yi shara ko taro, kada kuma a riƙa miƙa shi ga duk malamin da ya rasa aji. Ga ƙungiyarmu, ta nema mana horo na a kai a kai, ta kuma ƙulla zumunci da sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejojin ilimi na Kano, domin ɗalibinmu mai baiwa ya san akwai hanyar da ta wuce sakandare. Ga mu malamai kuwa, mu ma mu riƙe gawayi. Ba sai ka zama gwani ba. Idan ɗalibai suka ga malaminsu yana zane yana kuskure yana sakewa, kunyar kuskure za ta bar su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shi wancan ɗalibi da na ba ku labarinsa, na sa shi ya riƙa tafiya gona da 'yar takarda a aljihu. Bayan wasu makonni ya kawo mini zane huɗu na mahaifinsa: ya ɗaga garma, ya sara, ya ja ƙasa, ya matsa gaba. Babu fuska a ko ɗaya, amma wani maƙwabcinsu da ke ajin yana gani ya faɗi sunan mai shi, saboda yadda yake ɗan jingina a ƙafar hagu. Yaranmu za su ci gaba da kallon katun ko mun so ko mun ƙi. Abin da ke hannunmu shi ne mu fitar da waɗanda za su iya zana manomin Rogo da masuncin Karaye yadda iyalansu za su gane su.